Yadda ake zaɓar rigar ƙwauri ta hawan doki: suwed ko fata mai sulɓi?

Duk wanda ya taɓa yin awa biyu a kan sirdi da wando da gajeren takalmi kawai ya san aika-aikar da igiyar likkafa ke yi wa ƙafa. Tana matse naman sha-raɓa a jikin fatar gefen sirdi tana mintsininsa, wando ya yi ta tattarewa yana hawa sama, gumin doki ya jiƙa shi, kafin a sauka wurin ya yi jawur ko ya saɓule. Maganin wannan ita ce rigar ƙwauri, wadda masu sayar da kayan hawa ke kira haf-caf. Fata ce da aka yanka daidai surar ƙafa, tana rufewa daga idon sawu zuwa ƙasan gwiwa. Ana ɗora ta a kan gajeren takalmin hawa, a zuge ta da zip ta gefen waje ko ta baya, sannan wata roba ta bi ta ƙarƙashin takalmin ta riƙe ta kada ta zame sama. Kusan duk aikin dogon takalmin hawa tana yinsa, ga sauƙin sawa da cirewa, in ka sauka kuma sai ka kwaɓe ta ka ci gaba da aikin barga da takalminka.

Mai saye zai tarar da manyan iri biyu: ta suwed, mai gashi-gashi da laushi, da ta fata mai sulɓi. Abin da ya kamata a riƙe tun kafin a taɓa kowacce shi ne: suwed tana ba da duk alherinta a ranar farko, daga nan sai raguwa, fata mai sulɓi kuwa tana farawa da taurin kai, sai amfani da kulawa su ladabtar da ita. Masu saye da yawa ranar farkon nan ce ke ruɗarsu.

Fara da sanin abin da ke hannunka

Fatar saniya tana da kauri, don haka bayan an jeme ta akan tsaga ta falle-falle da inji. Fallen sama, wato fuskar da gashin dabbar ya fito, shi ne mafi ƙarfi, domin zarurrukansa a cunkushe suke, a sarƙe da juna. Daga nan ake samun fata mai sulɓi. Fallen ƙasa, na ɓangaren nama, zarurrukansa a sake suke. Idan aka goge shi da inji sai gashi-gashin nan ya tashi, shi ne suwed. Sunan ma daga Faransanci ya zo, daga laƙabin wata safar hannu mai laushi da ake kawowa daga ƙasar Suwidin.

Duk bambancin da za a yi bayani a ƙasa daga wannan tsagi ya taso. Suwed ba ta da fuskar da za ta tare ruwa, shi ya sa take sha. Zarurrukanta a sake suke, shi ya sa take da laushi, kuma shi ya sa take saurin buɗewa. Fallen ƙasa ne, shi ya sa galibi ta fi araha.

Akwai wasu iri uku da ke fakewa a tsakani, gara a gane su.

Na farko nubak. Fallen sama ne da aka ɗan goge fuskarsa har ya yi gashi mai laushi, gajere ƙwarai. Ya fi suwed ƙarfi, amma wajen shan ruwa da tabo halinsu ɗaya, kulawarsu ma ɗaya.

Na biyu shi ne mai cutar da jama'a: fallen ƙasa da aka shafe da roba mai ƙyalli aka buga masa zanen fata, ya fito kamar fata mai sulɓi. Dubi bakin yanka a inda babu ɗinki. In ka ga siririn layi kamar leda a manne a kan wani abu mai gashi-gashi, shi ne. Lanƙwasa shi da yatsu biyu: fata ta gaske tana yin ƙananan tattara marasa tsari, ƙofofin gashi su ɗan buɗe, mai shafen roba tattararsa manya ce, fuskarsa kuma iri ɗaya ce ko'ina kamar an buga da hatimi. Irin wannan a idon sawu yake fara tsagewa, daga nan ya dinga ɓarewa, kuma babu man da zai ceto shi, domin man ba ya ratsa robar.

Na uku suwed ta roba, wadda ba fata ba ce sam, saƙa ce ta siraran zarurruka. Tana da sauƙin nauyi, ana wanke yawancinta a inji, tana saurin bushewa. Ga yaro mai girma, wanda bayan shekara guda ƙafarsa za ta fi ƙarfin rigar, ita ce ta fi dacewa. Aibinta ba ta ɗaukar surar ƙafa kamar fata, kuma in ta sha guga sai ta yi ƙulle-ƙullen zare a ɓangaren ciki.

Wanda ke son sanin dabbar da aka samo fatar ya dubi ƙofofin gashi. Suwed ta fatar alade, wadda ake yawan yin shafin cikin riga da ita, tana da ɗigo-ɗigo uku-uku a tare kamar duwatsun murhu. Ta saniya ba ta da wannan.

Mataki na ɗaya: dubi inda kake hawa da abin da kake yi in ka sauka

Kafin ado da launi, tambayi kanka sau nawa ƙafarka ke haɗuwa da ruwa. Ba ruwan sama kaɗai ba. Akwai raɓar da ke kan doguwar ciyawa da safe, akwai taɓon bakin barga, akwai fantsamar ruwa lokacin wanke doki, akwai kuma wanda ya fi kowanne ɓarna, gumin dokin kansa, domin yana ɗauke da gishiri da maiƙo.

Suwed in ta jiƙe tana yin nauyi, launinta ya yi duhu, in ta bushe kuma ta ƙandare ta bar shacin ruwa a jikinta. Laka tana shiga can cikin gashinta ta zauna. Fata mai sulɓi kuwa, in tana samun mai yadda ya kamata, ruwa gangarewa yake yi, laka kuma tsumma mai danshi ya ishe ta. Saboda haka mai hawa a fili cikin kowane yanayi, ko mai yin aikin barga da rigarsa a ƙafa, mai sulɓi ce tasa. Mai hawa a rufaffen filin horo ko a busasshiyar ƙasa, wanda yake sawa ya hau ya sauka ya cire, suwed za ta daɗe masa.

Busasshiyar ƙasa ma tana da nata sharrin. Yashi da ƙura suna maƙalewa a gashin suwed, in ba a kaɗe su ba sai rigar ta koma kamar takardar goge katako, tana cin fatar gefen sirdi a hankali. Idan ka ga wani fili ya koɗe a sirdinka daidai inda sha-raɓarka ke zama, kada ka zargi mai sirdi, dubi cikin rigarka.

Game da zafi, suwed marar shafi ta fi barin iska ta ratsa. Sai dai kauri da shafi sun fi nau'in fata tasiri a nan: suwed mai kauri da shafin roba ta fi siririyar fata mai sulɓi dafa ƙafa.

Mataki na biyu: batun riƙo, inda aka fi yin kuskure

Babbar hujjar masu son suwed ita ce riƙo. Gaskiya ne, sabuwar suwed tana kama sirdi, gashinta yana cizon fata ya hana ƙafa lilo. Ga sabon mahayi da ƙafarsa ba ta zauna ba, ko mai hawan doki mai yawan zabura, wannan ba ƙaramin taimako ba ne. Yana samun natsuwa, in ya natsu kuma ya daina ƙanƙame doki da gwiwa.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ɗauki rigar suwed da ta yi watanni tana aiki ka juya ɓangaren ciki. Za ka ga wani fili mai faɗin tafin hannu, baƙi, mai sheƙi, gashinsa ya kwanta ya manne kamar an goge da dutsen guga. Gumi ne da maiƙon jikin doki da man sirdi suka taru, matsi ya daddale su. Wannan wuri ya fi fata mai sulɓi santsi. Wato daidai inda ake buƙatar riƙon, nan ne yake fara ɓacewa. Buroshi yana dawo da shi in an yi da wuri, in an bar shi ya daɗe kuwa sai dai haƙuri.

Fata mai sulɓi akasin haka take. Sabuwa tana da ɗan santsi saboda shafen masana'anta. Bayan ta sha hawa na wasu makonni, ta sha sabulun sirdi da ɗan mai, sai fuskarta ta yi wani ɗan danƙo, fata ta haɗu da fata su kama juna. Riƙonta bai kai na sabuwar suwed ba, amma ba ya gushewa, kuma yana barin ƙafa ta motsa lokacin da mahayi ya so. Wannan na ƙarshe ba abin rainawa ba ne. Da ƙafa ake yi wa doki magana: a ɗan ja ta baya da majayi, a dawo da ita, a matsa, a saki. Rigar da ta manne da sirdi tana sa wannan magana ta yi nauyi, mahayi ya riƙa ɗaga ƙafa gaba ɗaya kafin ya sauya mata wuri. Shi ya sa ƙwararru da yawa suka fi son mai sulɓi, ba don ado ba.

Dubi sirdinka ma. Sirdin roba mai fuskar gashi-gashi in ya haɗu da suwed riƙon yana yin yawa, kamar an liƙa ƙafa da gam. Tsohon sirdin fata mai tauri da santsi kuwa suwed tana taimakonsa. Sirdi mai laushin fatar maraƙi, ko mai launi mai haske, suwed mai datti ko mai zubar rini za ta ɓata shi cikin ɗan lokaci.

Akwai tsaka-tsaki: riga mai sulɓi ta waje da aka yi wa mahon suwed a ɓangaren ciki. Tana haɗa sauƙin gogewa da riƙo, sai dai tana buƙatar kulawa iri biyu a jiki ɗaya, kuma dole a kiyaye kada mai ya taɓa mahon.

Ko wacce ka ɗauka, riƙon fata ba ya maye gurbin zama. Mahayin da diddigensa ke sama, nauyinsa ke kan gwiwa, ko da me ya ɗaure ƙafa zai yi lilo.

Mataki na uku: in kana shiga gasa

Karanta dokokin hukumar da ke shirya gasar kafin ka saya, domin sun bambanta, kuma suna sauyawa. Inda ake yarda da rigar ƙwauri a madadin dogon takalmi, abin da aka fi nema shi ne fata mai sulɓi, marar ado, launinta ɗaya da na takalmin, ta yadda daga nesa za a ɗauka dogon takalmi ne. Suwed galibi kayan atisaye ce. Mai kuɗin riga guda ɗaya tak, kuma yana da niyyar gasa, maganar ta ƙare: mai sulɓi, baƙa ko ruwan ƙasa daidai da takalminsa.

Mataki na huɗu: awo

Rigar suwed da ta zauna daidai ta fi mai sulɓi mafi tsada da ke yawo a ƙafa. Don haka a nan za a ɓata lokaci.

Nemi tef ɗin tela, mai santimita. Sa wandon hawa da safar da ka saba hawa da su, da takalmin da rigar za ta hau kansa. Yi awon da yamma ko bayan ka yi tafiya, domin ƙafa tana ɗan kumbura da yini. Awon sassafe yakan ba da riga mai matsi.

Zauna a kujera, tafin ƙafa a shimfiɗe a ƙasa, gwiwa a lanƙwashe digiri 90. Zagaya tef a inda sha-raɓa ta fi kauri. Kada ka yi tsammanin ka san wurin. Auna wurare uku, sama da ƙasa da tazarar santimita 2, ka ɗauki mafi girma. Tef ya kwanta a jiki ba tare da ya nutse cikin nama ba. Wani ya auna maka ya fi, domin in ka sunkuya tsokar tana sauya fasali.

Sai tsawo. Auna daga ƙasa zuwa lanƙwasar bayan gwiwa. A nan sai a kula: wasu kamfanoni jadawalinsu daga ƙasa yake farawa ba takalmi, wasu da takalmi, wasu kuma tsawon rigar kanta suke bayarwa, ta baya ko ta gefe. Karanta yadda mai rigar ya ce a auna ka bi nasa. Alamomin ƙarami, matsakaici da babba ba su da ma'ana ɗaya tsakanin kamfani da kamfani. Lambar santimita ce abin dogaro.

Auna ƙafa biyun. Ba abin mamaki ba ne a sami bambancin santimita guda, bi babbar.

Yanzu ga inda nau'in fata ya shigo. Duka biyun suna buɗewa, amma suwed ta fi saurin yi kuma ta fi yawa. In awonka ya faɗo tsakanin lamba biyu, a suwed ɗauki ƙaramar, muddin zip yana rufuwa ba da kokawa ba. A fata mai sulɓi mai kauri da shafi, wadda ba ta da faffaɗar roba a jikinta, ɗauki babbar, domin shafi yana hana buɗewa. Wajen tsawo kuwa, fata tana yin tattara a idon sawu in ta saba, rigar ta sauka da kamar santimita 1 zuwa 2. Sabuwar riga mai sulɓi da ke ɗan taɓa bayan gwiwa in ka zauna daidai take. Wadda ta tsaya cif a ranar farko za ta koma gajera. Gajerar riga kuwa masifa ce: bakinta na sama yana kamo ƙasan fatar gefen sirdi duk lokacin da ka tashi ka zauna a sassarfa.

Mataki na biyar: gwaji da duba ɗinki

Gane dama da hagu tukuna. Zip yana waje ko baya, maho yana ciki, bakin sama kuma in yana da tudu, tudun na waje ne.

Fara sa robar ƙarƙashi, ta zauna a lungun da ke gaban dunduniyar takalmi. Shi ya sa ba a sa rigar ƙwauri a kan takalmi marar dunduniya. Robar za ta zame, ga kuma haɗarin ƙafa ta zurma cikin likkafa. Naɗe rigar a ƙafa, ka miƙe tsaye ko ka miƙar da ƙafar, ka haɗa bakunan biyu da hannu ɗaya, ka ja zip da ɗayan. Yawancinsu daga sama ake zugewa zuwa ƙasa. Hannu ne zai jawo fata ta haɗu, ba zip ba. Wanda ya mai da zip abin jan fata shi ne zai fara neman mai gyara.

Da ta rufu, gwada waɗannan. Tura yatsa ɗaya ta bakin sama: ya shiga da ƙyar, biyu kada su shiga. Kama rigar ka murɗa ta hagu da dama: in ta juya a kan ƙafa ta yi yawa, kuma juyawar nan ce ke kawo gurjewa. Tsuguna kamar kana kan likkafa, diddige a ƙasa, ka tsaya minti guda. Matsi ko'ina daidai ba laifi ba ne. Amma in yatsun ƙafa suka mutu, ko wuri ɗaya yana suka, cire ta, buɗewar fata ba za ta gyara wannan ba. Dubi ƙasa: ya kamata harshen gaba na rigar ya rufe igiyar takalmi ko zip ɗinsa ya kwanta lif, ba ya tashi kamar baki ba. In kana ɗaura ƙaimi, ɗaura shi a gwajin, ka tabbata bakin rigar na baya bai danne shi ƙasa ba.

Sannan cire ta ka duba aikinta da ido. Wuraren da ke fara mutuwa uku ne, kuma babu ruwansu da nau'in fata: zip, robar ƙarƙashi, da ɗinkin da ya haɗa roba mai talewa da fata. Nemi zip mai manyan haƙora, da maɓalli ko ɗan harshe da ke rufe kansa kada ya zuge da kansa. Nemi fallen fata a bayan zip da zai hana shi cin wando. Robar ƙarƙashi ta kasance mai faɗi, mai ɗinki biyu, kuma a inda mai gyaran takalmi zai iya farke ta ya sa sabuwa. Shafa hannu a ɓangaren ciki: duk wani ɗinki mai tudu da ya bi ta inda ƙafa ke haɗuwa da sirdi zai ci ƙafarka, ya ci sirdin.

Abu na ƙarshe, gwajin rini. Jiƙa farin tsumma kaɗan ka goga a wani ɓoyayyen wuri. Baƙar suwed ta fi kowacce zuba, domin rininta a kan sakakkun zarurruka yake. Mai farin doki ko wando mai haske ya ɗauki wannan da muhimmanci, in ba haka ba zai sauka ya tarar da baƙin shaci a haƙarƙarin dokinsa.

Sabuwar mai sulɓi tana son a saba da ita a hankali: sa ta a gida minti 20 zuwa 30 na 'yan kwanaki, kana tafiya kana tsugunawa, hawan farko kuma ya zama gajere. In bayan gwiwa yana ciwo, ɗan soso a cikin takalmi ƙarƙashin diddige zai ɗaga ƙafar har fata ta sauka. Suwed ba ta buƙatar wannan duka.

Mataki na shida: auna kanka da kulawar da kowacce ke nema

A nan mutum ya faɗa wa kansa gaskiya. Kayan kula da ɗaya guba ne ga ɗayar.

Mai sulɓi: bayan kowane hawa, goge ta da tsumma mai danshi, musamman ciki inda gumi ya taɓa. Minti biyu ne. Sau ɗaya a mako ga mai hawa kullum, wanke ta da sabulun sirdi da soso da aka matse sosai. Kumfa mai yawa alama ce ruwa ya yi yawa. In ta fara bushewa ko launinta ya dusashe a wurin tattara, shafa man fata kaɗan, a bar shi ya shiga, a goge saura. Mai in ya yi yawa fata tana saki, ta yi lagwab, ta buɗe fiye da kima, ƙura kuma ta manne mata. Man ƙyalli na takalmi a waje kaɗai ake sa shi. In ya taɓa ciki zai sa santsi, ya kuma shafi sirdi da jikin doki.

Suwed: mai, kaki, man ƙyalli da sabulun sirdi duk haramun ne a gare ta, suna kwantar da gashi su bar tabon da ba ya fita. Tun tana sabuwa fesa mata maganin hana shan ruwa wanda aka yi don suwed, daga nisan kamar santimita 20 zuwa 30, a wuri mai iska, shafe biyu marasa kauri, a bar na farko ya bushe kafin na biyu. Feshin yana gushewa, sai an riƙa sabuntawa. In ta kwashi laka, kada ka taɓa ta tana ɗanya, gogewa tura ta ciki yake yi. Bari ta bushe ƙayau, ka bubbuga, ka bi da buroshi. Buroshin roba na yau da kullum ne. Mai gashin tagulla na wurin da ya daddale ne, shi ma da hannu mai sauƙi. Wurin nan mai sheƙi na ciki, kara shi a kan tururin ruwan zafi na 'yan daƙiƙoƙi, ba kusa sosai ba, sannan ka taje shi gaba da baya har gashi ya tashi. Ƙaramin tabo farin magogin fensir yana cire shi. Tabon maiƙo a barbaɗa masa hoda a bar ta ta kwana ta tsotse, da safe a kaɗe. Farin shacin gishirin gumi kuwa, haɗa farin ruwan khal da ruwa daidai wa daida, ka ɗan dangwala da tsumma, bayan ka gwada a ɓoyayyen wuri.

Wajen shanya hukuncinsu ɗaya. Kada a kai su kusa da wuta, ko na'urar ɗumama ɗaki, ko a bar su a rana mai ƙuna ko cikin rufaffiyar mota. Zafi yana ƙone zarurrukan jiƙaƙƙiyar fata, ta tsuke ta ƙandare, kuma ba ta dawowa. A buɗe zip, a shanya a inuwa mai iska, in ta jiƙe sharkaf a cusa mata takarda ana sauyawa. Tana iya ɗaukar yini guda ko fiye. In ta bushe, mai sulɓi a ba ta ɗan mai, suwed a murza ta da hannu a taje.

Wajen ajiya, a zuge zip a rataye ko a shimfiɗe, kada a ninke ta biyu a tsakiya. Jakar leda tana tara danshi ta kawo fumfuna. Jakar yadi ta fi. Fumfuna a kan mai sulɓi gogewa ake yi a waje, a wanke, a shanya. A suwed tana shiga ciki, warinta kuma yakan zauna.

Zip ɗin ma yana da haƙƙi. Yashi da gashin doki ne ke kashe shi: suna cika tsakanin haƙora, mai ja ya ƙara ƙarfi, kan zip ya buɗe, sai ka ga an zuge amma yana tsagewa ta baya. Bi haƙoran da tsohon buroshin haƙori duk mako, ka goga musu ɗan kakin kyandir, a suwed kuma ka kiyaye kada kakin ya taɓa fata. In ya fara tsagewa, sau da yawa kan ne kawai ya saki, ba haƙoran ba. A ɗan matse shi da filaya ta gefe biyu a hankali, ko a sauya kan kaɗai, kafin a kai ga farke zip ɗin gaba ɗaya.